Wa Ya Buga Gangar?

Shagon Baba bai fi taku huɗu ba daga ƙofa zuwa bango, amma matattun rediyoyi da lasifikoki da tsofaffin garmaho sun cika shi har rufi. Yana cikin wani lungu a Kakuri, a garin Kaduna, inda in ka ɗaga kai kana hango katangar masaƙun nan da suka daɗe da yin shiru. Wata Talata da la'asar na kai masa rediyon mahaifiyata, wadda ta daina kama kowace tasha. Na tarar an ɗauke wuta, yana gasa bakin ƙarfen dalmarsa a kan ɗan risho. Ya nuna mini benci da haɓa, na zauna.

Ban daɗe ba sai ga mutum biyu. Na gaba yana tafe yana waya, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Na baya yaro ne, ya ɗauko amfilifaya a ka tun daga bakin titi, gumi ya jiƙe masa riga har ƙugu.

Duka biyun na san su. Na gaban shi ne shugaban wata ƙungiyar kiɗa ta wannan tsallaken kogi, irin waɗanda ake ɗauka biki da suna da taron godiya a coci, daga Barnawa zuwa Narayi, daga Sabon Tasha har Gonin Gora. Yaransa Oga suke ce masa, ni ma haka zan kira shi. Muryarsa baiwa ce, wannan ba mai musu. Fostarsa tana manne a turakun lantarki da bayan Keke Napep: hotonsa shi kaɗai cikin farar kwat, sunansa da manyan baƙaƙe, sai lambar waya a ƙasa. Yaron kuwa maƙwabcina ne a Unguwar Romi, shi ke buga masa ganga, shekararsa ba ta wuce 19 ba. Sau nawa nake jin ƙarar ƙyauren gidansu da ƙarfe biyu ko uku na dare, ya dawo a ƙasa daga wani biki, sandunan kiɗa a soke a aljihun baya. Uwarsa mai ƙosai ta taɓa ce mini wata uku ke nan bai shigo gidan da komai ba sai shinkafar biki a leda.

Ya sauke amfilifayar a kan teburi, ya ja da baya, ya ce a hankali, "Oga, maganar kuɗin ranar Asabar."

"Ban ce maka sai sun biya ciko ba? Kuma ka makara wajen rihasal, an cire maka dubu ɗaya. Kai dai ba ka da haƙuri."

Baba bai ɗaga kai ba. Amma na ga inda idonsa ya sauka: tafin hannun yaron, kanta ta fito jere a gindin yatsu, ɗan manuni ya tsage an naɗe shi da baƙin salatif irin na masu gyaran waya. Ya kwance kusoshin amfilifayar ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a murfin gwangwanin madara. Sannan ya juyo wajena.

"Malam, na taɓa ba ka labarin James Brown da mutanensa?"

Ya ba ni ya fi sau biyar. Na ce, "Ina sauraro, Baba."

Baba ya shiga ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri yana saurayi, ana dab da gama yaƙin basasa. A lokacin unguwar ba ta barci. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957, da UNTL, da Arewa, da Nortex, suna aiki dare da rana, jiniya na kaɗawa dubban kekuna na fitowa wasu dubbai na shiga. A 1975 kamfanin Peugeot ya zo ya ƙara. Da aka biya kuɗin Udoji, ɗakin saurayin da ba garmaho ba ɗaki ba ne. Baba yana saƙa da rana, da dare yana riƙe jitar bes a wata ƙungiya ta ma'aikata 'yan'uwansa, Bajju da Tibi da Idoma da Bahaushe da Ibo. A nan ya kamu da son kiɗan da Amurkawa ke kira fank, kuma har yau bai warke ba. Ya miƙa hannu bayan wata tsohuwar talabijin ya zaro kwalin faifai, gefensa duk gara ta taɓa, ya ɗora mini a cinya.

"Dubi nan. Hoton mutum nawa ka gani?"

"Ɗaya."

"To sa kunne a faifan ka ƙirga hannuwa."

Daga nan ya ɗauko labarin tun daga tushe, yana yi yana shinshina allon amfilifayar don ya gano inda ya ƙone. Shekarun da zan ambata wasu daga bakinsa ne, wasu na cike su da abin da na karanta, don Baba ya fi riƙe sunaye a kan lissafi.

An haifi James Brown a 1933, ya tashi a garin Ogosta na jihar Jojiya cikin talauci mai tsanani, yana goge takalma a titi. Yana ɗan shekara 16 aka ɗaure shi kan laifin sata, aka kai shi gidan yarin yara a Tokowa. A can ya haɗu da wani yaron gari mai suna Bobby Byrd, mai ƙungiyar waƙa. Gidan su Byrd ne suka tsaya masa aka sake shi a 1952, suka ba shi wurin kwana, Byrd ya sa shi a ƙungiyarsa. Ƙungiyar ce ta zama Famous Flames. Faifansu na farko ya fito a 1956, ya yi kasuwa, amma a jikinsa sunan James Brown ne a gaba, na ƙungiya a baya. Shekara na zagayowa, a 1957, waɗanda aka faro da su suka watse saboda wannan magana ta suna.

"Ka ji fa," in ji Baba. "Baƙon da aka shimfiɗa wa tabarma. Byrd ya dawo daga baya, ya yi shekaru yana tsaye a bayansa yana masa amshi. Mai gida ya koma ɗan amshi a gidansa, bai kuma yi ƙorafi a bainar jama'a ba."

Oga yana tsaye a bakin ƙofa yana latsa waya. Yaron ya tsuguna a gefe.

Baba ba mai zalunci ba ne ko a labari, don haka bai rage wa Brown komai ba. Ya ce duniya ba ta taɓa ganin mai aiki a dandali kamarsa ba, mutumin da kan yi wasa kusan kullum a shekara, ya rera ya taka ya faɗi ya tashi har kwat ta jiƙe. Kuma yana da kunnen zaɓen mutane. A 1964 ya ɗauki wani mai ganga, Melvin Parker, daga Karolina ta Arewa, shi kuma ya ce sai dai a haɗa da yayansa mai busa saksafon. Yayan nan da aka ɗauka a matsayin gyara, shi ne Maceo Parker. A 1965 Jimmy Nolen ya shigo da jitarsa, wadda yake karcewa da sauri a kan wayoyin da ya danne rabi, har ake ce wa salon karcen kaza. A shekarar ce kuma aka samu Pee Wee Ellis, wanda ya zama mai tsara kiɗa, da masu ganga biyu, Jabo Starks da Clyde Stubblefield. A 1968 Fred Wesley ya zo da dogon ƙahonsa mai zugewa.

Ya ajiye sukudireba ya shiga buga teburi da tafin hannu. "Sirrin kiɗan nan duk a bugun farko yake. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. A biyu da uku da huɗu kowa ya yi yawonsa, amma a ɗaya dole a haɗu. Ka ga mata uku suna lugude a turmi ɗaya? Kowace ta san lokacin saukar taɓaryarta, in ɗaya ta yi gaggawa sai an ji wa wata ciwo. To haka. Jita ganga ce a wurinsu, ƙaho ganga ne, muryar shi kansa ganga ce. Brown bai iya karanta rubutun kiɗa ba. Da baki yake gurnanin abin da ke kansa, su Ellis su mayar da shi kiɗa."

Sai ya zo kan tara. Wannan sananne ne a tarihin ƙungiyar: Brown yana cin mutanensa tara a kan kuskuren kiɗa, da makara, da takalmin da bai sha gogewa ba, da kwat mai tamoji. Ana tsakiyar wasa zai juya wa 'yan kallo baya kamar salon rawa ne, ya walƙata yatsu biyar wajen wanda ya kuskure. Jama'a na tafi, shi kuwa makaɗin ya san an zaftare masa dala biyar. In ya walƙata sau huɗu, ashirin ta tafi.

Yaron ya ɗago ya dubi Baba, ya mayar da kai ƙasa.

A kan Stubblefield Baba ya fi daɗewa, kuma na san dalili. An haife shi a 1943 a Catanuga, garin masana'antu da jiragen ƙasa, kuma shi da bakinsa ya sha faɗin cewa ba wanda ya koya masa ganga, daga ƙarar injinan masana'anta da ta jirgi a kan dogo ya ɗauko kiɗansa. Baba ya ce ranar da ya fara jin haka sai da tsigar jikinsa ta tashi, don shi ma a ɗakin saƙa ya koyi ƙirga, inda injin ɗari ke bugawa lokaci guda ba ka jin maganar na kusa da kai, in ya fito kuma ga jirgin kaya yana jan jiki daga tashar Kaduna Junction. "Ɗan Kakuri ne," in ji shi, "a Amurka kawai aka haife shi."

A watan Nuwamba na 1969, a ɗakin ɗaukar faifai na kamfanin King da ke Sinsinati, ana cikin wani kiɗa sai Brown ya umarci kowa ya tsaya a bar mai ganga shi kaɗai. Stubblefield ya yi abin da bai fi daƙiƙa 20 ba, hannun dama na yayyafi a kan faranti, na hagu na sakin ƙananan bugu kamar ba ya so a ji su. Aka sa wa faifan suna Funky Drummer. Shekara goma sha wani abu bayan haka, da gambarar zamani ta rap ta tashi, matasa suka riƙa yanko wannan ɗan gutsure da na'ura, su yi ta maimaita shi, su ɗora waƙarsu a kai. Public Enemy sun yi, Run-DMC sun yi, LL Cool J ya yi, har George Michael. Waƙoƙin da aka gina a kan daƙiƙoƙin nan sun haura 1,000. Sunan da ke rubuce a matsayin mai waƙar kuwa na James Brown ne, don haka mai gangar ba ya cikin masu rabon abin da ta jawo. Albashinsa na ɗan ƙungiya shi ne iyakar abin da ya ci.

Aka kawo wuta. Baba ya jona ƙarfen dalma na lantarki, ya kashe risho, hayaƙin dalma ya tashi siriri yana ƙamshin ƙaro.

"Sai ranar da tura ta kai bango. Watan Maris, 1970, a garin Kolombos na Jojiya. Zaure ya cika, an sayi tikiti. Mutanensa suka ce ba za su hau dandali ba sai an yi maganar kuɗinsu da tarar nan da ta ishe su. Ka san me ya yi? Bai zauna da su ba. Ya sa Byrd ya nemo wasu samari da ke kiɗa a Sinsinati, ya tura jirginsa na kansa ya kwaso su a daren. Cikinsu akwai mai jitar bes ɗan shekara 18, Bootsy Collins, da yayansa Catfish. Suka shigo suka wuce ta gaban mutanen da suka tashi suna kwaikwayo, suka hau dandali ba ko gwaji. Su Maceo da Melvin da Nolen suka kwashe kayansu."

A nan ne Oga ya sa waya a aljihu. Ashe yana ji.

"To ka gani, Baba! Ai shi ya sa nake gaya musu. Mai waƙa shi ne ƙungiya. Makaɗi kamar Keke Napep ne, wannan ya wuce wani na tafe."

"Gaskiyarka, Oga, wani ya zo," Baba ya ce, idonsa a kan dalma. "Samarin nan su ne J.B.'s na farko, kuma sun yi kiɗan da har gobe ana rawa da shi. Wata goma sha ɗaya suka yi. A 1971 su ma maganar kuɗi ta raba su da shi. Bootsy ya koma wajen George Clinton ya zama tauraro da sunansa. Fred Wesley ya karɓi ragamar ƙungiya, Maceo ya dawo a 1973, a 1975 su biyun suka bi Bootsy. Byrd kansa, mai tabarma, a 1973 ya tafi. Malam, ka duba faifan da mutumin nan ya yi daga 1965 zuwa 1974, ka duba na bayan nan, ka gaya mini wanne ake nema. Muryar ba ta canza ba. Hannuwan ne suka tafi."

Ya ƙara da cewa, don kada a ce ya ɓoye alheri, Brown ya kan kira sunan Maceo a tsakiyar waƙa har duniya ta haddace shi, ya kuma buɗe kamfanin faifai mai suna People inda ya fitar da kiɗan yaransa da sunan Fred Wesley da J.B.'s. Waɗanda suka fita a 1970 ma sun yi faifansu bai yi kasuwa ba, yunwa ta mayar da wasunsu. Jimmy Nolen ya koma a 1972, yana tare da shi har ya rasu a 1983. "Komawa ba yafewa ba ce," in ji Baba. "Mutum na da 'ya'ya."

Wannan kalma ta taɓa ni, don ita ce halin da yaran wannan tsallake suke ciki. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi a 2007, sauran ma duk sun kwanta. Jikokin masu kekunan nan ba jiniyar da ke kiransu. Abin da ya rage wa da yawansu shi ne acaba, da gadi, da sana'ar hannu, sai kuma kiɗan da suka koya a coci tun suna ƙanana, suna jiran babban mai ganga ya tashi su ɗana. Yaro ya kwashe shekara goma yana horar da hannunsa, ba makaranta ba malami, sannan ya faɗa hannun wanda ya san ba shi da wurin zuwa. An karɓi kafin alƙalami tun wata guda kafin biki, an karɓi ciko, an tattara liƙi an cusa a jakar Oga, shi kuma a ce masa ya yi haƙuri ana gina shi ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma tun rikicin 2000 da ya raba garin nan biyu, makaɗa na cikin 'yan kaɗan da har yanzu ke tsallaka gada ta kowane ɓangare da dare, su yi wa Musulmi biki su yi wa Kirista, su dawo a ƙasa. Ban ga dalilin da zai sa irin waɗannan su zama su ne ba su da suna ba.

Abin da ya fi ba ni takaici, mu ba mu gaji haka ba. Bahaushe in zai girmama mawaƙin fada, da sunan kiɗa yake kiransa: Makaɗa Narambaɗa, Makaɗa Ɗanƙwairo, Makaɗa Sa'idu Faru. Harshen da kansa ya san cewa waƙa a bayan ganga take hawa. Wanda ya taɓa ganin Shata a fili ya san kalangai ne ke share masa hanya kafin ya buɗe baki. A nan Kaduna ma, a 1977, Bala Miller ya tara matasa ya horar da su ya kafa babbar ƙungiyarsa ta Pirameeds, suna zuba Hausa a kan kayan kiɗan zamani, daga baya har da shirinsa a talabijin na NTA. Ya rasu a 2003. Manyanmu suna tuna waƙoƙin, amma ka tambayi goma daga cikinsu wa ke busa ƙaho, wa ke riƙe da ganga, za ka ga ana kallon juna. Wannan laifin namu ne, mu masu rawa.

Baba ya kawo labarin gida kafin ya ƙarasa. A ƙarshen 1970 James Brown ya zo Najeriya da sababbin samarinsa. A Legas suka je gidan rawar Fela da dare, suka zauna suna kallo baki buɗe. Bootsy ya yi shekaru yana ba da labarin abin da ya ji a daren nan. Tony Allen, mai gangar Fela, ya sha faɗin cewa mai tsara wa Brown kiɗa ya zauna kusa da shi da takarda yana ƙoƙarin rubuta yadda ƙafafunsa da hannuwansa ke tafiya. "Ka ga wanda Amurkawa suka zo kallo," in ji Baba. "To shekara takwas bayan haka, a 1978, Fela ya kai ƙungiyarsa Afrika 70 babban taron kiɗa a Balin ta Jamus. An biya kuɗi mai kauri. Bayan wasan yawancin makaɗan suka bar shi, a kan maganar haƙƙinsu. Tony Allen ma ya kama gabansa, ya ƙare rayuwarsa a Faris, can ya rasu a 2020. Fela ya kafa wata ƙungiyar, ta yi kyau. Amma duk mai kunne ya san ranar da gangar ta canza hannu."

Ya ɗaga wani ɗan baƙin abu da hantsaki ya nuna wa Oga. "Ga abin da ya kashe maka na'ura. Bai kai ƙwayar gyaɗa ba. An matsa masa fiye da ƙarfinsa, ba a ba shi iska ba. Sai na aika kasuwa an nemo, ka dawo jibi."

Na ɗauka ya gama. Sai ya ci gaba, murya ƙasa-ƙasa, yana mayar da faifan cikin kwali.

A 1986 Amurkawa suka buɗe jerin gwarzayen kiɗansu na rok, James Brown na cikin rukunin farko, shi kaɗai, ba Famous Flames. Ya rasu ranar Kirsimeti ta 2006. Tun kafin nan Bobby Byrd ya kai ƙara kotu kan haƙƙin waƙoƙin da ya ce da shi aka yi, aka ce lokacin ƙara ya wuce. Byrd ya rasu a 2007. Sai a 2012 aka tuna aka shigar da Famous Flames jerin, shekara biyar yana cikin kabari. Stubblefield kuwa ya koma garin Madison na jihar Wiskonsin tun 1971, yana buga ganga a wani ƙaramin gidan rawa duk daren Litinin, gangarsa kuma na fita daga motocin da ke wucewa a titi cikin waƙoƙin mutanen da ba su taɓa ganinsa ba. Ciwon daji ya kama shi, daga baya ƙoda, ba shi da inshorar lafiya. Mawaƙi Prince, wanda bai taɓa ɗaukarsa aiki ba, shi ya biya masa dubun-dubatar daloli na asibiti a ɓoye, ba a sani ba sai bayan rasuwar Prince a 2016. A watan Fabrairu na 2017 mai gangar ya cika, yana da shekara 73.

Shagon ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

"Baba," Oga ya ce, "wai duk wannan da ni kake?"

"Ni da Malam nake hira, Oga. Labarin Amurka ne, ina mu ina su." Ya juya wajen yaron. "Jikana, ya sunanka? Ina so in rubuta a jikin na'ura, don in ka zo ɗauka in gane ka."

Yaron ya faɗi sunansa da na mahaifinsa. Baba ya yago farin salatif ya manna a murfin amfilifayar, ya rubuta duka biyun da manyan baƙaƙe, a hankali, yana furta kowane harafi. Oga ya tsaya yana kallon rubutun. Sannan ya ce suna da wurin zuwa, ya fita, yaron ya bi shi.

Ranar Alhamis na koma karɓar rediyon mahaifiyata. Ina zaune Baba na gwada mini tashoshi sai ga Oga, shi kaɗai, ba waya a kunne. Ya gaishe da Baba har da rusunawa, ya tambayi kuɗin gyara, ya ƙirga ya miƙa bai nemi ragi ba. Baba ya jona amfilifayar ya ɗan taɓa makirfo da yatsa, lasifika ta amsa da ƙarfi.

Oga bai ɗauka nan da nan ba. Ya sa babban yatsa a kan farin salatif ɗin, ya danne gefen da ya fara ɗagowa.

"Baba, mai gangar nan. Wa ka ce ya biya masa asibiti?"

"Wani ne can daban."

"Shi mai gidan nasa fa?"

Baba ya murɗa rediyon mahaifiyata, ta kama Kaduna, ana sanarwar rasuwa da ɗaurin aure. Ya rage murya, ya miƙo mini ita.

Oga ya sunkuya ya rungumi amfilifayar da hannu biyu. Ta fi yadda ya zata nauyi, sai da ya sake gyara tsayuwa. Ya fita da ita a ƙirji, farar rigarsa na shan ƙura da baƙin mai, ya bi lungun a hankali zuwa bakin titi.